Kumburin cikin yara: hannu ke ganowa, hoto ke bayyanawa

Sau da yawa wurin wanka ake ganin abin. Uwa ta zaunar da ɗanta mai shekara uku cikin daro, tana cuɗa mashi ciki da sabulu, sai hannunta ya ci karo da wani abu mai tauri ƙarƙashin haƙarƙari, gefe guda, kamar ɗanyen mangwaro. Yaron bai yi kuka ba, wataƙila ma dariya yake yi yana wasa da ruwa. Yana cin abincinsa, yana guje-gujensa cikin gida. Sai kakarsa ta taɓa ta ce saifa ce, maƙwabciya ta ce tsutsar ciki ce, uban yaro kuma, da ya dawo daga kasuwa ko daga biro, ya ce a bari a ga ƙarshen wata.

Kowane ɗaya cikinsu yana iya yin gaskiya, domin saifa da tsutsa suna kumbura cikin yara da yawa a ƙasar Nijar. Amma akwai wasu cututtuka da ke ɓuya bayan irin wannan kumburi, waɗanda ke warkewa idan an gano su da wuri, suke kisa idan aka yi jinkiri. Hannun uwa ba ya iya rarrabe su, hannun lokotoro ma ba ya iyawa shi kaɗai. Dalilin ke nan da ya sa likitocin yara suka ɗauki hoton ciki a matsayin matakin farko, bayan tambayoyi da awo, ga duk yaron da aka taɓa ƙari cikin cikinsa.

Ba kowane ƙari ne daji ba

Abu na farko da likita ke dubawa shi ne shekarun yaro. Ga jariri sabon haihuwa, mafi yawan ƙarin da ake taɓawa daga ƙoda yake fitowa, kuma galibinsa ba ciwon daji ba ne. Sau tari hanyar fitsari ce ta toshe tun cikin mahaifa, fitsari ya taru ya hura ƙodar kamar salka, ko kuma ƙodar ce ba ta ginu daidai ba, ta zama tarin ƙananan jakunkunan ruwa. Daga shekara ɗaya zuwa biyar kuwa, hankalin likita yana ƙara tashi, domin lokacin ne dajin ƙoda da dajin jijiya suka fi bayyana. Ga ƴan mata masu tasowa, ana tuna kwan mahaifa, wanda kan yi jakar ruwa, ko wani irin ƙari da ake tarar da gashi da haƙora cikinsa.

A ƙasashen Sahel akwai kuma wasu dalilai na gida. Zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa yana girmama saifa har ta sauko kusa da cibiya. Yaro mai ciwon emasi, watau amosanin jini, saifarsa tana iya tsotse jini farat ɗaya, ta kumbura, yaron ya yi fari fat. Wannan gaggawa ce ta sa'o'i. Tsargiya, da yara ke ɗauka cikin tabkuna da gulabe da wuraren noman rani, tana ɓata mafitsara har fitsari ya koma ya kumbura ƙoda. Hanta tana iya tara mugunya bayan atini. A yankunan makiyaya, inda karnuka ke cin kayan cikin tumaki da raƙuma, ƙwan wata tsutsa da ke fita cikin kashin kare yana shiga jikin yaro ya gina jakar ruwa cikin hanta. Tarin fuka yana sauka cikin ciki, tsutsotsi suna dunƙulewa su toshe hanji, kashi mai tauri ma yana yin kama da ƙari. Tamowa kuwa tana hura ciki ba tare da akwai wani ƙari ba.

Maganin waɗannan abubuwa ya sha bamban ƙwarai. Wani ƙwayoyi kaɗai yake so, wani ƙarin jini, wani aikin tiyata a daren nan, wani kuma ba a son wuƙa ta kusance shi sai an yi makonni ana ba da magani. Likitan da ya yi kuskuren suna zai yi kuskuren magani. Saboda haka tambayoyi huɗu yake son hoto ya amsa mashi: daga wace gaɓa ƙarin ya fito, ruwa ne cikinsa ko tsoka, yaya yake zaune da jijiyoyin jini da ke kewaye da shi, kuma ko ya yaɗu zuwa wani wuri.

Eko, hoton da ake ɗauka da amo

Na'urar da ake fara nema ita ce ekogarafi, wadda mata suka fi sani da eko saboda awon ciki. Aikinta kamar na jemage ne cikin duhu. Ɗan abin da likita ke ɗorawa bisa fata yana aika wani amo siriri da kunnen mutum ba ya ji, domin kunne yana tsayawa wajen girgiza 20.000 cikin daƙiƙa, na'urar kuwa tana aiki da miliyoyi. Amon yana shiga jiki, ya bugi gaɓoɓi, ya dawo, na'ura ta mai da amsa-kuwwar hoto bisa allo. Ruwa yana fitowa baƙi ƙirin, tsoka toka-toka, dutse da ƙashi fari da inuwa bayansu. Man nan mai sanyi da ake shafawa bisa ciki ba magani ba ne. Iskar da ke tsakanin fata da na'ura yake korewa, domin amon ba ya ratsa iska.

Tarihin wannan fasaha ma yana da alaƙa da ƙarin ciki. Wani likitan mata na birnin Gilasgo, a ƙasar Sikotilan, mai suna Ian Donald, ya ga na'urar da masu ƙira ke amfani da ita don gano tsaga cikin ƙarfe, ya gwada ta bisa ƙarin da aka cire daga jikin marasa lafiya. Cikin mutanen farko da ya duba akwai wata mace da aka yanke ƙauna a kanta, ana zaton dajin tumbi ne ya ci ƙarfinta. Na'ura ta nuna jakar ruwa ce ta kwan mahaifa, aka cire, ta warke. A 1958 ya buga sakamakon aikinsa tare da abokansa biyu, kuma kan binciken ƙarin ciki ne rubutun nasu.

Eko ya dace da yara saboda dalilai da dama. Ba ya ɗauke da hasken da ke cutar da jiki, don haka ana iya maimaita shi ko sau nawa. Ba ya ciwo, ba a sa yaro barci, yana iya kwanciya bisa cinyar uwarsa har a gama cikin ƴan mintoci. Jikin yaro ba shi da kitse mai yawa, hoton yana fita sarai. Kuɗinsa kuma bai kai rabin na sikaner ba. Idan hanta da matsarmama za a duba, akan ce yaro ya ɗan kame baki na wasu sa'o'i. Idan mara ce, akan so mafitsara ta cika. Na'urorin zamani suna nuna gudun jini da launi ja da shuɗi, ta yadda likita zai ga ko ƙarin ya danne babbar jijiya, ko ma ya shige cikinta.

Akwai ciwon da eko kan ceci rai cikinsa nan take. Jariri tsakanin wata uku da shekara biyu sai ya riƙa tsala kuka yana naɗe ƙafafu, ya yi shiru, ya sake, ya yi amai, daga baya ya yi kashi da jini da majina. Hanji ne ya shige cikin hanji, kamar yadda ake tura eriyar rediyo. Bisa allo abin yana fitowa zobe cikin zobe, kamar albasar da aka yanka. Idan aka gane shi cikin yinin farko, sau da yawa ana iya warware hanjin ba tare da an yanke komi ba. Idan aka kwana biyu ko uku ana ba da maganin zawo, hanjin ya mutu.

Sai dai eko yana da iyaka. Iskar hanji tana rufe mashi ido. Ƙari idan ya girma ya cika ciki, da wuya a ga tushensa. Fiye da komi kuma, hoton ya dogara ga hannun mai ɗaukarsa: wanda ya saba da awon mata masu ciki ba lalle ne ya saba da ƙodar yaro ba.

Radiyo, sikaner da IRM

Radiyo shi ne kakan hotunan likita. Wani masanin Jamus, Röntgen, ya gano haskensa a 1895. Ga ƙarin ciki abin da yake nunawa kaɗan ne: hanjin da ya toshe, iskar da ta fita daga hanjin da ya huje, ɗigon fari na alli cikin ƙari, ko haƙori inda bai kamata a ga haƙori ba. Amfaninsa babba yana ga ƙirji, domin huhu ne wurin farko da dajin ƙoda ke zuwa, kuma nan ake neman alamar tarin fuka.

Sikaner kuwa radiyo ne da ke zagaya jiki, kwamfuta ta haɗa hotunan yanka-yanka, kamar an yayyanka burodi ana duba kowane yanki. Injiniyan Ingila Hounsfield ne ya ƙera shi. A 1971 aka fara duba mara lafiya da shi a London, a 1979 kuma aka ba shi lambar Nobel tare da Cormack. Kafin a ɗauki hoton ciki ana ɗura wani ruwa mai aidin cikin jijiya don gaɓoɓi su fito fili, shi ya sa ake fara awon jini a ga lafiyar ƙoda, a kuma tambayi iyaye ko jikin yaro ya taɓa ƙin wani magani. Ɗaukar hoton ba ta wuce ƴan daƙiƙoƙi. Sikaner ne taswirar mai fiɗa: yana nuna girman ƙari, iyakarsa, kaluluwar da ke kewaye, halin ɗaya ƙodar, da ƙananan ɗigo cikin huhu waɗanda radiyo ba ya gani.

Amma sikaner ba abin yi don kwanciyar hankalin iyaye ba ne. Hasken da ke shiga jiki cikin sikaner guda na ciki ya ninka na radiyon ƙirji sau da yawa, ba goma ba, ba ashirin ba. Jikin yaro yana girma, ya fi na babba jin wannan haske, ga shi kuma yana da doguwar rayuwa gabansa wadda illa ke iya fitowa cikinta. Ƙa'idar likitoci ita ce a yi shi idan akwai tambayar da eko ya kasa amsawa, a rage ƙarfin hasken daidai nauyin yaro, kuma kada a maimaita shi don kawai an canza asibiti. Mai kuɗin da ya matsa a yi ma ɗansa sikaner tun farko, don shi ne mai tsada, bai yi ma yaron gata ba.

IRM yana aiki da maganaɗisu, ba shi da wancan haske, kuma ya fi kowa nuna hanta, mara da ƙarin da ya kusanci lakar baya. Matsalarsa ita ce yana ɗaukar rabin sa'a ko fiye, cikin rami mai ƙara, yaro kuma dole ya kwanta ba motsi, abin da ke sa a ba ƙanana maganin barci. Yana da tsada, kuma ba a samunsa sai cikin manyan asibitoci ƙalilan.

Cututtuka uku da hoto ke rarrabewa

Dajin ƙodar yara, wanda likitoci ke kira neforobalastom, yana ɗauke da sunan Max Wilms, likitan fiɗa na Jamus da ya bayyana shi a 1899. Ya fi kama yara ƴan ƙasa da shekara biyar, musamman wajen uku zuwa huɗu. Shi ne mai yaudara, domin yaro yana iya kasancewa cikin walwala ƙarin kuwa yana girma. Wani lokaci akan ga jini cikin fitsari, a ce tsargiya ce, ko a tarar da hawan jini ga ƙaramin yaro. Bisa hoto, ƙarin yana fitowa daga cikin ƙodar kanta, sauran naman ƙodar ya rungume shi kamar akaifa, yana ture jijiyoyin jini gefe. Likita yana bin jijiyar ƙoda har babbar jijiyar da ke komawa zuciya, domin ciwon yana iya tafiya cikinta. Yana duba ɗaya ƙodar, domin cikin yara ɗari, biyar zuwa goma suna da shi gefe biyu. Sannan ya duba huhu.

Nan ne nauyin hoto ke bayyana. Bisa tsarin da likitocin Turai da na Afirka ke bi, yaron da ya wuce wata shida, idan hotonsa ya nuna wannan ciwo ƙarara, ana fara mashi maganin daji, watau shimiyo, na mako huɗu, ko shida idan ya yaɗu, kafin a yi tiyata. Maganin yana motsar da ƙarin, ya ƙarfafa fatarsa, don kada ya fashe a hannun mai fiɗa. Ke nan bisa shaidar hoto ake fara magani mai nauyi. A ƙasashe masu wadata, wajen yara tara cikin goma suna warkewa, kuma ƙoda guda ta ishi mutum rayuwa.

Dajin jijiya, norobalastom, yana tasowa daga ɗan ƙullin da ke zaune bisa ƙoda, ko daga jijiyoyin da ke gefen ƙashin baya. Ya fi kama ƴan ƙasa da shekara biyu, kuma yaron yakan zo a galabaice, da ciwon ƙashi, wani lokaci da baƙi kewaye da idanu. Hannu ba ya bambanta shi da dajin ƙoda, amma hoto yana yi: yana danne ƙodar daga waje, yana da ɗigon alli, yana tsallaka tsakiyar ciki, kuma maimakon ya ture jijiyoyin jini, naɗe su yake yi. Mai fiɗar da ya shiga bai san haka ba yana iya gamuwa da jinin da ba ya tsayawa.

Na uku shi ne dajin kaluluwa da Denis Burkitt ya bayyana a 1958, yana aiki a Kampala ta ƙasar Yuganda. Ciwo ne na yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, yana kuma da alaƙa da wata ƙwayar cuta da aka gano a 1964. An fi saninsa da kumbura muƙamuƙi, amma sau da yawa cikin ciki yake tashi, ya kama hanji, ƙoda, kwan mahaifa, ya tara ruwa. Yana cikin dajin da suka fi kowane saurin girma, yana iya ninkawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Duk da haka yana narkewa da magani cikin sauri, kuma galibi ba a buƙatar cire shi da wuƙa. Eko ne ke nuna ma likita inda zai soka allura ya ɗauko ɗan abin da za a duba cikin madubin likita.

Hoto dai ba shi ne alƙalin ƙarshe ba. Awon jini yana taimakawa wurin dajin hanta, awon fitsari wurin dajin jijiya, kuma sunan ciwo na tabbas yana fitowa ne daga naman da aka duba. Amma hoto ne ke faɗin inda za a soka da inda ba za a soka ba. Jakar tsutsar kare, alal misali, idan aka huda ta da ka, ruwanta yana iya zuba cikin ciki ya kada yaro nan take.

Tsakanin gida da na'ura

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa yara da matasa wajen 400.000 ke kamuwa da ciwon daji kowace shekara. A ƙasashe masu wadata fiye da 80 cikin ɗari suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai 30 ba. A 2018 hukumar ta ƙaddamar da shiri na kai adadin zuwa 60 cikin ɗari a duniya kafin 2030, kuma cikin cututtuka shida da ta sa gaba akwai na Wilms da na Burkitt, domin maganinsu sananne ne. Tun 2000 ƙungiyar GFAOP, wadda Farfesa Jean Lemerle na Faransa ya kafa tare da likitocin Afirka, ta fara aikinta da waɗannan cututtuka biyu, kuma Yamai tana cikin biranen da ke aiki da ita. A 2006 gwamnatin Nijar ta sanya kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, a 2021 kuma aka buɗe sashen gashin daji da haske a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai, da taimakon hukumar AIEA.

Babban abin da ke raba waɗancan alƙaluma biyu shi ne jinkiri. Yaro yakan fara bi ta hannun mai tallar magani, a ba shi na tsutsa. Daga nan sai jiƙe-jiƙe, sai wanzami ya yi tsaga ko sakiya bisa kumburin. Ma'aikatan asibiti sun saba ganin yara da tabon tsaga jere bisa ciki, ƙarin kuwa ya riga ya cika shi. Idan an kai gidan likita na karkara, wani lokaci akan yi maganin zazzaɓi sau biyu ko uku kafin a rubuta takardar turawa gaba. Sannan ga nisa: daga Tawa zuwa Yamai wajen kilomita 550 ne, daga Maraɗi wajen 660, daga Damagaram kusan 900. Kuɗin mota, masauki, abinci, ordinansi, da barin rumfa ko biro na makonni, duk suna kan uba. Wasu iyaye, da sun ga ƙarin ya motse bayan allurai na farko, sai su koma gida da zaton an warke, ciwon kuma ya dawo da ƙarfin da ya fi na da.

Na'ura ita kaɗai ba ta magance wannan. Eko ya kai asibitocin jihohi da kilinik masu zaman kansu, amma yana buƙatar lantarki mai tsayi, mai gyara idan ya lalace, da mutumin da aka horar kan cikin yara. Horar da likitocin gundumomi su iya amsa tambaya biyu kawai, wace gaɓa ce, ruwa ne ko tsoka, zai rage makonnin da ake ɓatawa. Wayar salula ma tana iya kai hoto daga gunduma zuwa ga ƙwararre cikin minti guda, idan an tsara hanyar.

Abin da ke hannun iyaye

Duk ƙari mai tauri cikin cikin yaro, ko ba ya ciwo, ko yaron yana wasa, ya isa dalilin zuwa likita cikin makon nan, a kuma nemi a yi eko. Idan akwai amai kore, kashi da jini, ciwo mai tsanani, rashin fitsari ko farin ido da tafin hannu, ranar ce ba gobe ba. Kada a riƙa lallatsa ƙarin, kada a bari kowane baƙo ya taɓa ya ji, kada a yi tausa ko tsaga, domin dajin ƙoda yana iya fashewa cikin ciki, ciwon da ke wuri guda ya watsu. A adana kowane hoto da takardar bayaninsa cikin jaka guda, a tafi da su duk inda aka tura yaro, don likita na gaba ya gwada girman jiya da na yau, kuma kada a sake biyan kuɗin abin da aka riga aka yi. Uba yana da haƙƙin tambayar likita abin da hoto ya nuna, da dalilin neman wani hoton, da abin da zai biyo baya. Idan an fara magani, a kai shi ƙarshe.

Ɗan kasuwar da ya ji motsi cikin injin motarsa ba ya jiran ta tsaya tsakanin Konni da Dogon Dutsi kafin ya nemi makaniki. Mafi yawan yaran da aka ɗora ma na'urar eko bisa ciki suna komawa gida da labari mai sauƙi, saifa ce, ko tsutsa, ko jakar ruwa. Ƙalilan ɗin da aka tarar da babban ciwo gare su kuwa, makonnin da aka tsirar tsakanin ranar wanka da ranar hoto su ne jarinsu.